Wane Irin Ciwon Zuciya Muke Rubutawa?

'Yan uwa marubuta, mun mayar da ciwon zuciya kayan adon labari. An hana budurwa wanda take so, ta yanke jiki ta faɗi, likita ya zare gilashi ya ce zuciyarta ta kumbura, a ba ta zaɓinta. An ɗaura aure, ta warke. Haka muke ta yi, littafi bayan littafi.

Ita zuciya ma sai an ciyar da ita. Manyan jijiyoyi biyu ne, ta dama da ta hagu, ke kai wa namanta jini. Akan haifi mutum ɗayarsu ta ɓalle wata hanya, tana zubar da jinin cikin ɗakin zuciya ko jijiyar huhu. Likitoci na kiransa fistula, sunan da suke ba yoyon fitsari: kafa a inda bai kamata ba. Kamar mai noman rani ne ruwansa ke tsiyayewa kafin ya kai fangali. Ƙaramar kafa sau da yawa ba ta damun mai ita. Babba kan kawo haki da gajiya, kuma ana toshe ta da siririn bututu ko tiyata.

Akwai kuma jaririn da jijiyarsa ta hagu ke fitowa daga jijiyar huhu. Yana shan nono yana gumi da kuka, kuma mafi yawan irinsa ba sa cika shekara in ba a yi musu aiki ba. Pete Maravich, tauraron ƙwallon kwando na Amurka, ya faɗi ya mutu a 1988 yana ɗan shekara 40. Sai a binciken gawa aka gano babu jijiyar hagun aka haife shi.

Za a ce mu ba likitoci ba ne, kuma cutar ba ta da yawa. Mun yarda. To wa ya tilasta mana sa likita a labari? Uwa a Rurum Tsohon Gari da ke sauraron littattafanmu a waya, mu muka koya mata cewa ciwon zuciya na masoya ne da alhazan da suka yi asara. In jaririnta na gumi a nono, za ta ce zafi ne, ta nemi jiƙo. Asibitin Rano ba zai faɗo mata a rai ba, balle na Malam Aminu Kano inda ake ɗaukar hoton zuciya.

Duk mai babin asibiti a hannu wannan makon, ya ba nas ko likita ya duba kafin ya sako mana shi nan.