Mafarkin talaka a bakin rijiya yake ɓacewa

A Mayahi, kamar a sauran ƙasar Hausa, mafarki abu ne mai daraja. Ɗan makarantar allo ya san labarin Annabi Yusufu (AS) da mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, kuma a ƙasar da ake auna arzikin gida da yawan damman geron da ke cikin rumbu, babu mai bukatar a fassara masa nauyin wannan labari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta cewa a shekarar 1794 ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Littafin fassarar mafarki da ake danganta wa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, sananne ne ga duk mai sayen littattafan addini.

To, a wuri irin wannan, mutumin da ya fito ya ce shi dai ba ya mafarki, ko kuwa ya yi shekaru bai tashi da komai a kansa ba, ya jawo wa kansa magana. Wani ya ce sammu aka yi masa, wani ya ce zuciyarsa ce ta bushe, wani kuma ya ce iskoki ke sace masa. Daga nan sai neman magani, daga jika guda zuwa farin zakara, wani lokaci har rago. Ga shi kuwa mafi yawan waɗannan bayin Allah lafiyarsu lau, kuma suna mafarki kamar kowa.

Masana sun daɗe da gano haka. A shekarar 1953, a jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokutan da idanun mai barci ke ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido. A 1959, a birnin Liyon na Faransa, Michel Jouvet ya nuna cewa a wannan lokaci ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai farke, alhali naman jiki ya saki gaba ɗaya. Wannan mataki na barci yana dawowa kusan kowane minti 90, kuma yana ƙara tsawo yayin da asuba ke matsowa. Idan aka tayar da mutum a cikinsa, kusan sau takwas cikin goma zai ba da labarin mafarki. Mutane da yawa da ke rantsuwa ba sa mafarki, da aka tayar da su a daidai wannan lokaci, sai ga su suna labarin abin da suka gani.

Ashe wuyar tana wajen riƙewa. Ƙwaƙwalwar mai barci ba ta ajiye sabon abu yadda ta mai farke ke yi, saboda haka mafarki kamar rubutu ne a kan yashin Gulbin Kaba: in ba a karanta shi nan take ba, iska ta share. Sai mutum ya ɗan farka kafin abin ya zauna. A 2013, ayarin Perrine Ruby, a Liyon ɗin dai, ya gwada masu tuna mafarki kusan kullum da masu tunawa kamar sau biyu a wata. Na farko sukan yi wajen minti 30 a farke cikin dare, a gutsure a gutsure, na biyu kuwa wajen minti 14. Wato mai nauyin barci shi ne mai yawan mantuwa. A 2015 kuma, a asibitin Pitié-Salpêtrière na Paris, ayarin Isabelle Arnulf ya ɗauki hoton wasu marasa lafiya da suka ce ba su taɓa mafarki ba, ko sun daina tun shekaru, sai ga su cikin barci suna magana, suna kai hannu, suna musu da wanda ba a gani.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da rayuwar Mayahi. A 1973, a Amurka, aka umarci wasu mutane su buga waya su tambayi labarin yanayi da zarar sun farka, wasu kuma su ɗan kwanta shiru. Masu buga waya suka fi mantuwa da mafarkinsu. Mai karatu ya dubi matar ƙauye da ke zabura tun kafin kiran salla don ta riga wasu zuwa rijiya, ga daka na jiranta. Ya dubi manomin da ke sammako da damina, da ɗan kasuwar da ke loda buhunan wake cikin duhu don kada motar Tasawa ta bar shi. Waɗannan sun yanke ƙarshen barcinsu, inda mafarki ya fi yawa, kuma ba su da ko minti guda na kwanciya shiru bayan farkawa. Ma'aikacin da ke da hutun Asabar da Lahadi yana da damar juyi a kan katifa yana bitar abin da ya gani. In ya fi matar nan labarin mafarki, hutu ya fi ta, ba kusanci da Allah ba.

Sai kuma abin da ake sha. Giya da tabar wiwi suna rage wannan mataki na barci, shi ya sa wanda ya daina su yakan sha fama da mafarkai masu ƙarfi a makonnin farko. Gwajin likitoci ya nuna ƙwayar tiramol ma tana rage shi. Saurayin da ke haɗiye ta don ya jure aikin lebura ko tuƙin kabu-kabu, sannan ya koka cewa ya daina mafarki, ya fara duba aljihunsa kafin ya zargi kishiyar uwarsa.

Masu daina mafarki da gaske suna nan, amma kaɗan ne. Tun 1883 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana irin wannan, kuma a 1997 Mark Solms ya nuna cewa rauni a wasu sassan ƙwaƙwalwa, kamar wanda shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, yana iya ɗauke mafarki ɗungurungum. Saboda haka wanda mafarkinsa ya ɗauke farat ɗaya, tare da nauyin harshe, ko raunin hannu, ko dishin gani, asibiti ya kamata a kai shi a ranar. Haka mai minshari mai tsanani da numfashinsa ke tsayawa cikin dare, ya wuni yana gyangyaɗi a biro. A nan jinkiri na iya cin rai, kuma kuɗin da aka kashe kan turare da rubutu da sun isa kuɗin mota.

Malamai na ƙwarai ba su taɓa cewa rashin mafarki alamar taɓewa ba ce. Sun bayyana cewa ganin mafarki ba sharaɗi ba ne a istihara: mutum ya yi sallarsa, ya yi addu'arsa, ya nemi shawara, ya kama abin da ya sauƙaƙa. Masu cin kasuwar tsoro ne ke juya maganar, domin wanda ya yarda an toshe masa ƙofa zai biya a buɗe, wanda kuma ya yarda shi ba ya gani zai sayi ganin wani.

Wannan ciniki bai tsaya ga aure da fatauci ba. Tun daga Babban Taron Ƙasa na 1991 da zaɓen 1993, duk lokacin da aka buga gangar siyasa ba a rasa mai cewa an nuna masa a barci wanda zai hau kujera. Abin mamaki, kowane ɗan takara da nasa mai mafarkin, kujerar kuwa ɗaya ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an kwashe kuɗi da ƙuri'a.

Mai son tuna mafarkinsa ba ya bukatar ko dala. Ya kwanta da wuri, ya guji ƙwaya, in ya farka ya yi minti biyu bai motsa ba, sannan ya rubuta abin da ya gani ko ya faɗa wa wanda ya yarda da shi. Da yawa cikin masu yin haka sukan ga canji cikin ƴan makonni. Wanda bai gani ba kuma kada ya damu, domin ba a san wata cuta da rashin tuna mafarki kaɗai ke jawowa ba. Su kuwa masu neman kujera, in da gaske suna son talakan Mayahi ya yi mafarki, su kawo masa famfo kusa da gida, matarsa ta samu ƙarin awa guda na barci.