Ko Ana Iya Auna Bangaskiyar Ɗalibi Da Maki?

A Karu ta Jihar Nasarawa, a bakin hanyar Abuja zuwa Keffi, Ikilisiyar ECWA ta kafa Jami'ar Bingham a 2005. An sa mata sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin Turawan mishan uku da suka sauka Ikko a 1893. Irin waɗannan jami'o'i, kamar Babcock ta Ilishan-Remo da Covenant ta Ota, waɗanda mutanenmu mazauna Kudu suka fi sani, suna yi wa iyaye alkawarin abu biyu, watau ilmi da tarbiyyar ruhu. Na farkon yana da jarrabawa, Hukumar NUC kuma tana sa masa ido. To, na biyun fa, da wane mudu za a auna shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙidaya. A Covenant, alal misali, zuwa sujada dole ne, ana kuwa rubuta wanda ya zo. Amma fa rajista ba ta nuna kome sai inda gangar jikin yaro ta ke. Wanda tsoron kora ya kawo shi, da wanda ya zo don ransa na so, daraja ɗaya za su samu. Muddin aka ɗaura digiri a kan wannan lissafi, yaro mai wayo zai ƙware ne wajen yi don ganin ido. Wani sa'in ma awon ya kan wuce gona da iri: a 2007 Covenant ta sha suka, har NUC ta tsoma baki, saboda gwajin ciki da na ƙanjamau da aka ɗora wa masu shirin karɓar digiri.

Maganar ba ta Kirista kaɗai ba ce. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya sa iyaye, har da Musulmi, sun waiwayi jami'o'in kuɗi. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi ibadar addinin da ba nasa ba, sa'an nan kuma ya yarje wa kowace ƙungiyar addini ta koyar da 'ya'yanta a makarantar da ta ɗauki nauyinta ita kaɗai. Saboda haka magidancin da ke Agege ko Sabon Ibadan, kafin ya biya kuɗin zangon farko, gara ya nemi littafin dokokin makarantar ya ga hukuncin da aka tanadar wa wanda bai je sujada ba.