Masu Tura Fim A Waya, Hattara

A Godogodo da Kafanchan, kamar sauran garuruwan Arewa, samari da yawa sun ɗauki sana'ar sauko da finafinan Hausa daga intanet suna tura wa jama'a a waya. To, wannan sana'a tana da ƙaya. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta tanadi ɗauri, ko tarar aƙalla Naira 10,000 a kan kowane kwafin da aka sayar ba da izinin mai shi ba. Kwafi 20, Naira 200,000 ke nan. Cewa "kowa ma yana yi" ba ta ceton mutum a gaban alƙali. Ya kamata masu sana'ar su haɗa kai su nemi izinin masu shirya finafinan na Kano tun kafin hukuma ta iso.