Ranar da aka goge rubutun mai gida a Wikipedia

 Kusan dukkanmu, da ku da ke sakandare da mu da ke jami'a, idan malami ya ba da aikin gida Wikipedia muke fara leƙawa. Sai dai da wuya mu tambayi kanmu wa yake yanke hukuncin abin da zai zauna a shafin da wanda za a share. To, ga wani labari.

A watan Satumba na 2007, Jimmy Wales, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Wikipedia a 2001, ya buɗe sabuwar maƙala a sashen Turanci. Jimla ɗaya tak ya rubuta, a kan wani wurin sayar da nama da gashi mai suna Mzoli's, a unguwar Gugulethu kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. A wancan lokacin wuri ne da jama'a ke cika maƙil a ƙarshen mako, mutum ya zaɓi namansa a gasa masa, ana kiɗa ana hira. Minti 22 da wallafawa, wani admin, wato ɗaya daga cikin editocin da aka ba ikon goge shafi da toshe masu ɓarna, ya goge maƙalar. Shekarunsa 19, sa'an wasunmu. Hujjarsa ita ce jimlar ba ta nuna dalilin da zai sa wannan wurin gashi ya samu shiga kundin ilimi ba.

Wani edita ya dawo da ita, aka kuma kai ta zauren tattaunawar gogewa, aka shiga ja-in-ja. Wales ya fusata har ya ce wasu editocin gara su nemi wani abin yi. Fushin nasa bai raba gardamar ba. Abin da ya raba ta shi ne wasu sun bazama sun nemo rahotannin jaridu da suka yi magana a kan wurin, suka zuba a maƙalar, aka bar ta.

A sashen Turanci hanyoyin gogewa biyu ne suka fi muhimmanci. Akwai gogewar gaggawa, wadda admin ke yi ba tare da jiran kowa ba, idan rubutun zagi ne, ko talla ƙarara, ko shirme, ko an kwafo shi daga littafin wani ko shafin wani. Akwai kuma ta tattaunawa, inda ake buɗe zaure na kwana bakwai kowa ya faɗi ra'ayinsa: a bari, a goge, ko a haɗe da wata maƙala. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan ba zaɓe ba ne. Wanda zai rufe tattaunawar auna nauyin hujjoji yake yi. Idan mutum talatin suka zo suka ce a bari saboda suna son mawaƙin, mutum huɗu kuma suka nuna babu wata jarida ko littafi da ya yi bayani a kansa, huɗun nan na iya yin nasara. Don haka tura saƙo a zauren WhatsApp na aji cewa kowa ya je ya kare shafin makarantarmu ba ya amfani, asali ma laifi ne a dokarsu, kuma editoci sun saba gane sababbin asusun da aka buɗe rana ɗaya don magana ɗaya.

Gogewar ma ba ƙonewa ba ce. Shafin yana ɓacewa daga idon masu karatu ne kawai, admin na iya ganinsa kuma yana iya dawo da shi. Wanda bai gamsu ba yana da wurin ɗaukaka ƙara.

Mafi yawan waɗannan rigingimu a kan kalma ɗaya suke: shahara. Amma shahara a wajensu ba ita ce wadda muka sani ba. Ba ruwansu da yawan mabiyanka a TikTok ko cewa duk garinku an san ka. Tambayarsu ita ce ko wasu madogara amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da kai, sun yi rubutu mai tsawo a kanka. Mu a ganinmu dokar tana da hikima. Ba don ita ba da kowane ɗan takarar kansila da kowane mai shagon waya ya rubuta wa kansa kirari, kuma da babu wanda zai iya tantance gaskiya da ƙarya.

Sai dai dokar ta fi cizon wasu. A 2010 wata ƙungiyar mawaƙa ta Kenya, Just a Band, ta fitar da bidiyon waƙa da wani jarumi na ƙirƙira mai suna Makmende. Cikin 'yan kwanaki sunansa ya cika Facebook da Twitter a Kenya, matasa na ta ƙirƙiro masa barkwanci. Da aka buɗe masa shafi a Wikipedia, sai aka goge, aka sake buɗewa aka sake gogewa. Editocin da ke gogewa ba su taɓa jin sunan ba, kuma ba su ga madogarar da suka yarda da ita ba. Shafin bai samu gindin zama ba sai da rahotannin jaridu suka fito, har da na Wall Street Journal ta Amurka. Ku duba fa: abin da matasan Nairobi suka sani sarai sai da ya jira shaidar takarda. A nan muke ganin gyara a wajen Wikipedia, domin ƙasar da jaridunta ba su da yawa, ko tsofaffin bugunsu ba sa intanet, kullum ita ce za ta zo zauren da hannu biyu babu komai.

Ba Afirka kaɗai abin ke shafa ba. Donna Strickland, masaniyar kimiyyar fiziks 'yar Kanada, ba ta da shafi a ranar da aka sanar ta ci kyautar Nobel a Oktoban 2018. Watanni kafin nan wani ya rubuta daftarin maƙala a kanta, mai dubawa ya ƙi karɓa, ya ce madogaran ba su isa ba. Ita ce mace ta uku a tarihi da ta ci wannan kyauta a fiziks.

Wata rigimar kuma ba ta gogewa ba ce, ta kalma ce a cikin shafi. Wannan ya rubuta, wancan ya mayar yadda yake, na farko ya sake mayarwa, kamar yara biyu suna kokawar alli a gaban allo. Su kansu yaƙin gyara suke kiransa. Maganin da suka yi masa shi ne dokar mayarwa uku: duk wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da kuwa shi ne mai gaskiya. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a kulle shafin, a tura masu faɗan shafin tattaunawa.

Shahararren misali shi ne wani birni a ƙasar Polan, wanda 'yan ƙasar ke kira Gdańsk, Jamusawa kuma suke kira Danzig. Birnin ya sha sauya hannu a tarihi, saboda haka zaɓen suna ɗaya kamar ɗaukar ɓangare ne. An daɗe ana tafka rigima, sai a 2005 aka yi abin da ba kasafai ake yi ba, aka kaɗa ƙuri'a. Matsayar da aka cimma: idan ana maganar shekarun 1308 zuwa 1945 a rubuta Danzig, kafin nan da bayan nan a rubuta Gdańsk. Babu wanda ya samu duk abin da yake so, amma an samu abin nunawa duk wanda ya zo da niyyar tayar da tsohon faɗa. Rigimar da ta fi ƙarfin irin wannan sulhu tana zuwa gaban kwamitin sasanci da editoci ke zaɓa, shi kuma halayen masu faɗan yake dubawa, ba ya cewa ga mai gaskiya a kan batun.

Abin da ya fi shafar aikinmu na makaranta shi ne duk wannan a fili ake yinsa. Kowace maƙala tana da shafin tarihi, inda za ku ga kowane gyara da ranarsa, da kuma shafin tattaunawa, inda za ku ga abin da ake jayayya a kai. Kafin ku kwafi yawan mutanen wani gari ko shekarar da aka yi wani yaƙi, ku leƙa. Idan kun ga an sauya adadin sau biyar a wata guda, ku bi madogarar da ke ƙasan shafin, ko ku koma littafin da malam ya ba ku.

Wasunku kuma za su so yin rubutu a Wikipedia ta Hausa. Kowane sashen harshe editocinsa ne ke tsara dokokinsa, don haka kada ku ɗauka kwana bakwai da mayarwa uku haka suke a ko'ina, amma buƙatar madogara ta game duka. Labarin da kaka ta ba ku na yadda aka kafa unguwarku yana iya zama gaskiya tsantsa, sai dai edita a wani gari ba shi da hanyar tabbatar da shi. Ku fara tara abin da aka buga: littafin tarihi a laburaren makaranta, rahoton Aminiya ko BBC Hausa, binciken da wata jami'a ta wallafa. Ku rubuta da kalmominku, ku sa sunan littafi da marubuci da lambar shafi. Idan duk da haka aka liƙa wa maƙalar alamar gogewa, kada ku cire alamar da hannunku. Ku je shafin tattaunawa ku jera madogaranku ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi wanda ya liƙa wacce ce bai gamsu da ita ba.