Man Doba, bashin Glencore, da wanda aka fara yanke wa

A 1999, tun ɗigon man Doba bai shiga bututu ba, gwamnatin Chadi ta kafa wata doka da Bankin Duniya ya yi ta tallarta ko'ina. Dokar ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin mai domin 'ya'ya da jikoki, mafi yawan ragowar kuma ta ce a zuba a lafiya, ilimi, hanyoyi da raya karkara. A 2003 mai ya fara kwarara zuwa tashar Kribi ta Kamaru. A Disamban 2005 majalisa ta soke asusun jikokin, ta cusa tsaro cikin abubuwan da ake fifitawa. Bankin ya yi fushi, aka lallashe shi, a 2008 ya tattara nasa-ya-nasa ya fice.

Babbar ɓarakar ta zo ne a 2014, lokacin da kamfanin mai na gwamnati, SHT, ya ci bashin sama da dala biliyan ɗaya a hannun kamfanin Glencore don sayen kason kamfanin Chevron a man Doba, bisa sharaɗin biya da ɗanyen mai. Ba a jima ba farashin mai ya faɗi warwas.

Sai aka waiwayo kan ma'aikaci. A 2016 aka fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, waɗanda har yau ba a manta da su ba a N'Djamena: aka zabge rabin alawus na ma'aikata, aka soke tallafin wata-wata na ɗaliban jami'a. Ƙungiyar Amnesty ta gano cewa tsakanin 2013 da 2017 kasafin lafiya ya ragu da fiye da rabi. A ƙasa, abin da wannan ke nufi shi ne a miƙa wa mai jinya takarda ya je kanti ya sayo allura da ruwan ƙari, shi kuwa maras lafiyan yana kwance yana jira. Ɗalibin da ke zuwa harabar jami'a ta Toukra, can bayan gari, ya rasa kuɗin mota.

Masu riƙe da baitulmali za su ce babu ce ta jawo, kuma da gaskiyarsu, asusu ya bushe. Amma tun 1995 Chadi ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa. Yarjejeniyar ba ta ce matalauciyar ƙasa ta gina asibiti a kowace unguwa gobe da safe ba. Abin da masu sa ido a kanta ke nema shi ne, duk gwamnatin da za ta rage abin da jama'a suka riga suka samu, ta nuna ta gwada sauran hanyoyi, ta kuma tsare mafi rauni. Gwamnatin Idriss Deby ta amsa ne da hana zanga-zanga da toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019.

An sake jadawalin bashin Glencore a 2015, da 2018, sannan a Nuwamban 2022, inda aka ɗage lokacin biya ba tare da yafe uwar kuɗin ba. A Fabrairun 2024 kuma litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730, a ƙasar da ke da matatarta a Djermaya. Ya kamata 'yan majalisa su ƙi amincewa da kowane kasafi sai ma'aikatar kuɗi ta bayyana musu a rubuce nawa zai tafi ga masu bin bashi, nawa zai isa ɗakin shan magani na unguwar Walia.