Ba Kowace "Enthusiasm" Ce Sha'awa Ba

'Yan'uwa marubuta, wata ɗabi'a ta kama gindin zama a rubuce-rubucenmu, musamman na masu fassara, kuma lokaci ya yi da za mu tsawata wa juna a kanta. Da zarar mutum ya ci karo da kalmar Turanci "enthusiasm", sai ya rubuta "sha'awa" ya yi gaba. Wasu ma kan bar ta da Turancinta a tsakiyar labarin Hausa, wai harshenmu ba shi da kwatankwacinta. Mu a ganinmu wannan lalaci ne.

Kalmar ta samo asali ne daga Girkanci, inda take nufin wani abin bauta ya shiga jikin mutum, kamar yadda muke cewa iska ta hau wane. A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18 zagi ce. A 1700 John Locke ya ƙara babi guda a littafinsa kan fahimtar ɗan Adam don sukar masu wannan hali, wato waɗanda ke ɗaukar zafin zuciyarsu a matsayin wahayi. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ma a kan wannan ma'ana ya fara bayaninsa. Da ita aka riƙa yi wa John Wesley da mabiyansa gori. Sai daga baya ta wanke, ta koma yabo. To, wanda ya fassara rubutun wancan zamani ya sa "sha'awa", ai ya mai da zagi yabo, ya yi wa marubucin ƙarya.

A ma'anarta ta yau kuwa, me muka rasa? Yaron da aka ɗinka wa rigar salla ya kasa barci, ɗoki yake yi. Sabon ma'aikacin da ya riga kowa miƙewa ba a kira shi ba, zumuɗi ne ko rawar jiki, kuma akwai ɗan zargi a ciki. Manomin da ya yi sammako damina guda bai fasa ba, himma gare shi. Mai begen da hawaye ya zubo masa a zikiri, shauƙi ne ya kama shi. Mai fafutukar kare harshensa, kishi ke gare shi. Bature na iya tattara yawancin waɗannan a kalma ɗaya, Bahaushe ya ba kowanne sunansa. "Sha'awa" kuwa, in ba a yi hattara ba, tana kai tunanin mai karatu inda marubuci bai nufa ba.

Za a ce ai ƙamus aka bi. Ƙamus jagora ne zuwa bakin kasuwa, ciniki kuma na mai saye ne. Na Bargery na 1934 kaɗai ya haura shafi dubu, amma mu nawa ne muka taɓa buɗe shi?

Kafin mu ɗora alƙalami, mu duba wa ke magana, a wane zamani, kuma yabo yake yi ko suka. Editocinmu kuma su daina sakin rubutun da aka yi wa irin wannan riƙon sakainar kashi. In mu da ke rubutu muka bar ɗoki da zumuɗi da himma da shauƙi suka narke cikin kalma ɗaya, yaran da ke koyon Hausa daga littattafanmu kalma ɗayar za su gada.