Kwalta ta wa, a garin da kowa ke tafiya a ƙasa?

A watan Fabrairun 2015, bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur a jihar. Dare ɗaya ɗan kabu-kabu ya rasa sana'a, malamin makaranta ya koma takawa, manomin tattasai na bakin Komadugu ma haka. To, me aka yi wa mai tafiya a ƙasa tun daga lokacin?

Da an ce gyaran gari, kwalta ake nufi. Gida nawa ne ke da mota a Diffa Kura ko Awaridi? Babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Gigimi, ta ratsa garin. Manyan motoci da na ƙungiyoyin agaji ke gudu a kanta, yaro ɗan shekara 7 kuwa sai ya ƙetare ta safe da rana. A watan Afrilu zafi ya kan haura digiri 40, yashi na ƙona ƙafa. Sannan mu malamai mu tare shi da bulala don ya makara! Ni dai ban yarda laifinsa ba ne.

Za a ce babu kuɗi, tsaro ya cinye. Na ji. Amma dashen darbejiya a bakin hanya da tudun rage gudu a ƙofar makaranta ba su kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba.

Iyaye, in za a yanka sababbin filaye, ku je wurin magajin gari kafin a kafa turaku, ku nemi a ware filin makaranta da kasuwa a tsakiyar unguwa, inda ƙaramar yarinya za ta kai da ƙafa ba tare da ta ƙetare titi ba.